Tsofaffin ofisoshin Turawa da sunayensu

 Yau yawon namu a bakin tsofaffin ofisoshin zamanin mulkin mallaka zai tsaya, waɗanda muke wucewa kullum ba mu taɓa tambayar wa ya raɗa musu suna ba.

Mu fara da bariki. Asalinta kalmar Turanci ce mai nufin masaukin soja, sai ta miƙe ƙafa ta haɗiye ofishin Razdan da na Di'o da kotun Joji da duk unguwar da Bature ya zauna a bayan ganuwa. Yau in an ce wane ɗan bariki ne, ba soja ake nufi ba, ido ne ya buɗe!

En'e kuwa haruffa biyu ne kacal na Turanci, bakin Bahaushe ya ɗaura musu aure suka zama kalma ɗaya. An rushe tsarin tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma je ka tambayi dattijo hanya, zai ce maka ka bi ta bayan ofishin En'e ka sha kwana. Allo ya canza, baki ya ƙi.

A cikin harabar En'en nan harsuna uku ke zaune lafiya. Baitulmali Larabci ne, gidan yari ya ci sunan Yari mai tsaron fursunan sarki tun kafin zuwan Bature, akawu kuma aro ne daga Yarbanci, ma'anarsa mai rubutu. Kasuwar Kurmi ke nan a cikin katanga ɗaya!

Tun da an taɓo akawu, a birnin Kalkata na Indiya akwai wani dogon jan gini da aka gina a 1777, sunansa Gidan Marubuta. Kada ku zaci mawaƙa ne ko masu ƙaga labari a ciki, ƙananan akawunan kamfanin ciniki ne da ke kwafar takardu da hannu daga safe har yamma. Daga baya ginin ya zama sakatariyar gwamnatin jihar da birnin yake, sunan akawu na nan maƙale. Ƙaramin ma'aikaci ya ci gida!

A Kano, Gidan Makama ya girmi Turawan da shekaru ɗaruruwa, don tun ƙarni na 15 yake tsaye. Da suka ci garin a 1903 sun yi ofis a cikinsa, amma sunan bai motsa ba, yanzu ma gidan tarihi ne. Baƙo ya zo ya tafi, Makama na nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa. Ginin ƙasa ne, da zankwaye da ɗaurin guga da zanen magina a jikin bango, in ka shiga da tsakar rana sanyi ne zai tarbe ka ba tare da fanka ba. Baturen da ya zauna ciki haifaffen Suwizalan ne, ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno da ayarin raƙuma, kuma a nan ya buɗe makarantar boko a 1909. Hausa ta zauna a bakinsa har Kanawa suka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa, laƙabin ya danne sunan yanka. Ka ji raɗin suna ba rago!

Kaduna ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, har wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa aka kwance aka biyo ta da ita, tana nan a lambun Gamji. Zauren majalisa mai ƙubba kuwa har gobe sunan gwamnan Turawa na farko yake amsawa. Ƙaura da kaya, har da gada!

A Nijar ma an yi irin wannan ƙaurar, a 1926 Faransawa suka ɗauke hedikwata daga Damagaram zuwa Yamai. Su kuma ofishin magajin gari otal ɗin birni suke kiransa da harshensu, har a Saigon ta Biyetnam sun gina guda, aka gama a 1908. Kada dai ka je neman ɗakin kwana!

Ibadan ta huta da gardama. Babban zauren garin mai manyan ginshiƙai, wanda aka buɗe a 1929, sunan tudun da yake kai aka ba shi, wato Mapo. Tudu ba ya barin mulki.

Can Afirka ta Kudu, zauren birnin Durban na 1910 kusan kwafin na Belfast ne da ke Ailan ta Arewa, kamar an tsaga kara. Na Cape Town kuma, na 1905, dutsen gininsa a jirgin ruwa aka kawo shi daga Ingila, alhali ga ƙaton dutse tsaye a bayan garin. Sai ka ce mai kai yashi Agadas!

Da yawa daga irin waɗannan gine-gine a garuruwanmu rufinsu na yoyo, gara na cin azara, tsofaffin takardun haraji na ruɓewa a kwali, abin yana damuna ƙwarai. In akwai guda a garinku, ku je ku ɗauki hotonsa, ku tambayi dattawan unguwa sunan da suka taso suka ji ana kiransa, ku rubuta ku ajiye.