Kada A Yi Gyara Da Mutane A Ciki: Darasin Karofin Ƙofar Mata Ga Masu Kula Da Na'urori

Daga Wakilinmu, Kano

A shekarun baya, in ma'aikacin gwamnati ya tashi daga ofis sai ya tattara fayilolinsa ya kulle a cikin kabad, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya tafi gida da tabbacin cewa gobe zai tarar da aikinsa inda ya bar shi. A yau kuwa yawancin aikin ofis da na makaranta ya koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, har ma an kai ga wani sabon tsari wanda a cikinsa kwamfutar da mutum yake aiki da ita ba ta cikin ofishinsa, wani lokaci ma ba ta cikin ƙasarsa.

Yadda abin yake shi ne, manyan kamfanoni sun gina rumbunan na'urori a wurare dabam-dabam na duniya, suna ba da hayarsu ta hanyar intanet, abin da Turawa suka laƙaba wa suna gajimare. Mutum yana zaune a Mandawari ko Yakasai da ƙaramar kwamfutarsa, sai ya shigar da sunansa da kalmar sirrinsa, nan take allon aikinsa ya bayyana gabansa, alhali kuwa ainihin aikin yana gudana ne a cikin wata babbar na'ura da ke nesa. Kamfanin Amazon ya fito da irin wannan hidima mai suna WorkSpaces a 2014, shi kuma Microsoft ya buɗe tasa a 2019, wadda tun daga 2021 ake kira Azure Virtual Desktop. Dukkansu biyu suna da rumbuna a ƙasar Afirka ta Kudu.

A tsarin Microsoft, na'ura guda tana iya ɗaukar mutane da yawa a lokaci ɗaya, kamar yadda mai masauki yake saukar da baƙi kowa da ɗakinsa. Saboda haka bari mu kira ta na'ura mai masauki, shigar da mutum ya yi kuma har zuwa fitarsa mu kira shi zama. Akan haɗa irin waɗannan na'urori da dama su zama rukuni guda, duk wanda ya zo sai a tura shi wadda take da wuri.

Gyara dole ne

To, ita na'ura mai masauki tana bukatar gyara a kai a kai. A ranar Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yakan fitar da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke bi, kuma yawancinsu ba sa kama aiki sai an kashe na'urar an sake kunna ta. Wanda ya yi sakaci da wannan zai ɗanɗana kuɗarsa. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar aka fitar da maganinta, mutane ne ba su sa ba.

Matsalar ita ce, in aka kashe na'ura mai masauki da mutane a ciki, duk aikin da ba a adana ba ya tafi ke nan. Akawun da ya wuni yana haɗa lissafin albashi, da ɗalibar da ke rubuta babin ƙarshe na kundinta, duk za su ga allo ya ɗauke ba sallama. An je neman gira, an rasa ido.

Abin da marina suka sani

Maganin wannan matsala tsoho ne a birnin Kano. Duk wanda ya san karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi tun 1498, ya san cewa marina ba rami ɗaya suke da shi ba. In baban wani rami ya mutu, lokacin kwashe shi ya yi, marini ba ya kwashe shi da zanen mutane a ciki. Da farko yakan daina sa sabon tufafi a ramin, ya juya masu kawo rini zuwa wani, ya tsame abin da ke ciki ya shanya. Sai ramin ya zama babu kayan kowa sannan a kwashe ruwan, a fid da katsi, a sake haɗa baba da toka. Kuma ba a taɓa kwashe ramuka duka rana ɗaya, domin sana'ar ba ta tsayawa.

Wannan shi ne ainihin abin da ake bukata daga jami'in da ke kula da na'urori. Mataki na farko shi ne rufe ƙofa ga sababbin masu shiga. A tsarin Microsoft akwai wani maɓalli da aka yi domin haka, wanda sunansa na Turanci yake nufin tsiyayewa. In aka kunna shi a kan wata na'ura, ba za a ƙara tura mata kowa ba, amma waɗanda suke ciki za su ci gaba da aikinsu har su gama su fita ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu shi ne sanarwa. Jami'in yana da ikon aika saƙo ya bayyana a allon kowane mai zama, kuma ya kamata saƙon ya faɗi ƙarfe nawa za a kashe na'urar, da abin da ake so mutum ya yi, cikin harshen da zai fahimta. Sanarwar da ta zo saura minti biyu fita hakki ce kawai. Abin da ya dace shi ne a sanar tun ana gobe, a maimaita saura awa guda, a kuma sake maimaitawa dab da lokacin.

Mataki na uku ya shafi waɗanda suka tafi ba su yi sallama ba. Mutane da yawa sukan rufe murfin kwamfuta kawai su tashi, wasu kuma wuta ce take ɗaukewa ko intanet ya yanke, abin da ba baƙo ba ne a garin nan. Zaman irin waɗannan yana nan a buɗe cikin na'urar, da aikinsu a ciki. Saboda haka wajibi ne ma'aikata ta tsai da doka a rubuce, wadda kowa ya sani, kan tsawon lokacin da za a jira kafin a rufe zaman da mai shi ya yanke, kuma fid da mutum da ƙarfi ya zama shi ne abu na ƙarshe. Bugu da ƙari, ana ajiye fayilolin ma'aikata a wata ma'ajiya dabam, domin duk na'urar da aka tura mutum ya tarar da kayansa.

Lokaci da bin diddigi

Zaɓen lokaci ma sai da lura. Alal misali, ga kwamfutocin WorkSpaces da ke kunne dare da rana, Amazon ya ware daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 4 na asubahin Lahadi domin gyara, bisa agogon inda rumbun yake. Afirka ta Kudu tana gabanmu da awa ɗaya, ke nan a Kano gyaran zai fara ƙarfe 11 na daren Asabar. Jami'in da ya san garinsa zai duba lokacin da ofisoshi suke watsewa, kamar bayan sallar Juma'a, ya kuma guji ƙarshen wata lokacin haɗa albashi, da makon jarrabawa, da wuraren da ba sa barci irin su Asibitin Murtala.

Bayan an gama, saura bin diddigi. A gwada gyaran a kan na'ura ɗaya ko biyu tukuna, in an ga lafiya a bi sauran rukuni-rukuni, a tabbata ba a tsallake ko ɗaya ba, sannan a tuna a sake buɗe ƙofar da aka rufe. Abin da ya sami hukumar JAMB a 2025 ya isa ishara, ko da yake tsarin na'urorinta dabam ne. Ranar 14 ga Mayu na shekarar, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa wani gyara da aka yi wa na'urori bai zauna daidai ba a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, abin da ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997, har sai da aka sake musu jarrabawa. Haka kuma ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyara mai aibi da kamfanin CrowdStrike ya saki gaba ɗaya ya tsai da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, jiragen sama da bankuna suka tsaya cik.

Su ma masu amfani da na'urorin akwai nasu hakkin. Ma'aikaci ko ɗalibi ya riƙa adana aikinsa a kai a kai, ya karanta sanarwa in ta bayyana, in ya tashi kuma ya fita daga zamansa sosai maimakon rufe murfi kawai.

Muna jan hankalin manyan sakatarori da shugabannin makarantu cewa, duk ranar da za a sa hannu a kan kwangilar irin wannan hidima, a tambayi ɗan kwangila yaushe zai riƙa gyara, wa zai sanar, kuma me zai faru da aikin wanda gyaran ya tarar a ciki. In ya kasa ba da amsa a rubuce, to, a dakata da sa hannun. Allah Ya sa mu dace.