Malamai Da Yawa, Magana Ɗaya

Mun san malamin gona, mun san malamar awon yara. A yau za mu leƙa ƙasar Amurka, mu ga wasu malamai waɗanda aikinsu ya shafi cikin gida. Su ne malaman kula da iyali. Suna koya wa mutane dafa abinci mai gina jiki, da adana shi, da renon yara, da tattalin kuɗin cefane.

Mafarin aikin

A shekarar 1862 gwamnatin Amurka ta yi doka ta ba jahohi filaye, don su samu kuɗin kafa manyan makarantun noma. A 1890 aka ƙara wata doka, wadda ta samar wa baƙar fata irin waɗannan makarantu a kudancin ƙasar. A 1914 kuma aka yi dokar Smith-Lever. Ita ce ta ɗora wa makarantun nauyin kai ilimi har gona, har madafa. Kuɗin aikin daga wuri uku suke fitowa: gwamnatin ƙasa, da jaha, da gunduma.

Ina matsalar take?

Amurka tana da jaha 50, da gunduma fiye da 3,000. Kowace jaha da jami'arta da malamanta. To, in kowa ya koyar da abin da ya ga dama, wa uwargida za ta bi? Don haka aka kasa aikin shiyya huɗu: arewa maso gabas, arewa ta tsakiya, kudu, da yamma. Arewa ta tsakiya tana da jaha 12. Jami'o'in da suka samo asali daga dokar 1890 su ma suna da tasu ƙungiya, ita ce ta biyar.

Shugabannin aikin na kowace shiyya sukan haɗu lokaci zuwa lokaci. Su zaɓi matsalolin da suka fi damun iyalansu, su raba aiki. Littafin da jaha ɗaya ta rubuta, saura su yi amfani da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misali: abinci a kwalba

Mu a nan shanya abinci muka fi yi, kamar kuɓewa da tumatir da kilishi. A Amurka kuwa, iyalai da yawa a kwalba suke rufe nama da kifi da ɗanyen wake, su ajiye don lokacin sanyi. Akwai haɗari a ciki. Wata ƙwayar cuta tana rayuwa inda babu iska, tana fitar da guba. Ido ba ya ganin gubar, hanci ba ya jin ta. Wanda ya ci, ganinsa ya dushe, haɗiya ta gagare shi, numfashi ya tsaya in ba a kai shi asibiti da sauri ba. Sunan ciwon botulizim.

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Wannan zafi bai isa ya kashe irin ƙwayar ba. Sai an kai digiri 116, cikin tukunyar ƙarfe mai murfin da ke riƙe tururi. In wani malami ya ce tafasawa kawai ta isa, rai ne zai salwanta. A shekarar 2000 aka kafa cibiyar adana abinci a gida a jami'ar Jojiya, don malamai su riƙa ɗiba daga rijiya ɗaya.

Amma ƙasa ba ɗaya ba ce. Shiyyar yamma tana da manyan duwatsu. Birnin Denba yana bisa tudu mai tsawon mita 1,600, inda ruwa ke tafasa tun a wajen digiri 95. Saboda haka malaman da ke tudu suna koya wa mutane su ƙara lokacin dahuwa ko ƙarfin tururi. Ka'ida ɗaya ce, amma kowace shiyya tana daidaita ta da wurinta.

Abin da za mu riƙe

Uwargida ba ta da ɗakin bincike. Abin da malami ya faɗa, shi take aikatawa, shi iyali ke ci. In mun ji malamai biyu sun saɓa, kada mu yi shiru. Mu tambaye su a gaban taro, har su tsai da magana ɗaya. Kuma gubar nan tana shiga gwangwani ma. Gwangwanin kifi ko na nama da ya kumbura, ko yake ɗiga, kada mu ɗanɗana. Mu binne shi nesa da yara da dabbobi.