Ba a Sayar da Fom ɗin Tallafin Karatu

Da an saki sakamakon JAMB, ko jami'o'i sun ƙara kuɗin rajista, sai saƙonni su fara yawo a zaurukan WhatsApp: ƙasa kaza tana neman ɗalibai dubu goma, karatu kyauta, jirgi kyauta, sai ka tura wa mutum ashirin kafin fom ya buɗe maka. Akwai kuma wata maganar da ba a turawa ta waya, a majalisa ake yin ta, ko a tsakar gida bayan isha'i: "Kai yaro, daina wahalar da kanka, wannan abu na 'ya'yan manya ne." Dukkansu suna cutar da ɗan talaka, amma a ganina ta biyun ta fi ɓarna. Ta farko kuɗinsa take ci. Ta biyu kuwa ko gwadawa ba ta bari ya yi, kuma shi da kansa ba zai taɓa sanin abin da ya kuɓuce masa ba.

Mu fara da mai sauƙin warwarewa. Ana cewa sai ka biya kuɗin fom, ko ka bi ta hannun wani ejan, kafin a karɓi buƙatarka. Ƙarya ce. Chevening ta gwamnatin Birtaniya, tallafin gwamnatin Turkiyya, guraben jami'o'in gwamnatin Saudiyya, da bashin ɗalibai na asusun NELFUND na nan gida, duk kyauta ake cike su a shafukansu na intanet. Wanda ya ce ka ba shi dubu hamsin ya "saka sunanka", babu inda zai saka shi, domin ba shi da kujera a wurin da ake tantancewa. Abin da yake gaskiya shi ne neman tallafi yana da hidimarsa: fasfo da kuɗi ake yin sa, jami'a na karɓar kuɗi kafin ta fitar da cikakken sakamako, ga data, ga mai kafe idan ba ka da kwamfuta. Waɗannan kuɗi ne da ake biya wa hukumar da ta yi aikin, da rasit. Duk kuɗin da za a tura asusun wani mutum domin "sayen gurbi", ko shafin da ya nemi lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ya turo, to damfara ce, ko da an manna masa tambarin gwamnati da hoton minista.

Jita-jitar da ta fi yawa a Arewa a 'yan shekarun nan ta bashin ɗalibai ce, kuma a nan ne gaskiya da ƙarya suka fi cakuɗewa, saboda doka biyu aka yi, mutane da dama kuma labarin ta farko suka riƙe. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar gidan ɗalibi bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ina ɗan manomi daga Gwarzo ko Ɗanja zai samo su? An soke ta, aka kafa sabuwa a watan Afrilun 2024, aka cire sharaɗin masu tsayawa da na iyakar kuɗin shiga. A ranar 24 ga Mayun 2024 aka buɗe shafin nema. Saboda haka mai cewa sai da babban ma'aikaci ya tsaya maka, tsohon labari yake bayarwa.

Sai batun riba, wanda shi ne ya fi damun iyaye, kuma damuwa ce da ta cancanci a amsa ta da girmamawa. Bashin NELFUND ba shi da kuɗin ruwa. Abin da aka biya maka shi za ka mayar, ba ƙari. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura shi ga makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Wanda ya nemi alawus na hidimar yau da kullum ana tura masa naira 20,000 a wata. Biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, kuma ana cire kashi 10 cikin 100 ne na albashi ko na abin da mutum yake samu. Wanda bai sami aiki ba, doka ta ba shi damar ya yi rantsuwa a rubuce ya nemi a ɗaga masa ƙafa, kuma idan mutuwa ta zo akwai tanadin yafe bashin. Hukuncin ɗauri da ake ta tsoratar da mutane da shi yana kan wanda ya yi wa asusun ƙarya ne, ba kan wanda ya rasa aiki ba.

Amma akwai wata kishiyar jita-jitar da ita ma dole a kashe ta, wato masu cewa "kuɗin gwamnati ne, rabonka ne, ba wanda zai biya." Bashi ne. An ɗaure shi da lambar NIN da ta BVN, waɗanda za su bi mutum duk inda ya je neman aiki ko buɗe asusu. Kuma wanda ya guji bashin saboda tsoron riba, bai kamata ɗan'uwansa ya ci shi da niyyar ƙin biya ba, domin addinin da ya hana wancan shi ya hana wannan. Haka nan ɗaliban makarantun gwamnati ne ake bai wa, na tarayya da na jihohi, jami'a ko kwalejin fasaha ko ta ilimi. Ƙorafin da ɗalibai suka riƙa yi cewa an biya wa wasu makarantu kuɗi bayan ɗalibi ya riga ya biya da aljihunsa, kuma mayarwa ta yi wuya, ba ƙage ba ne. A 2025 maganar ta kai har gaban hukumar ICPC. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya adana rasit ɗinsa, ya riƙa duba shafinsa, ya je ofishin kuɗi na makaranta da hujja a hannu.

Yanzu ga babbar maganar: wai sai kana da hanya. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba, ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ɗan siyasa ne yake raba gurbi daga aljihunsa, ko jerin sunaye ya bi ta ofis-ofis kafin ya fito, zargin son kai ba ya rasa dalili, kuma mutane sun ga abin da suka gani. Kuskuren shi ne a ɗauki wannan a shafa wa kowane tallafi. Chevening, wadda aka kafa tun 1983, masu karanta rubuce-rubucen masu nema daban suke, sannan a yi ganawa a ofishin jakadancin Birtaniya. Sanatan mazaɓarka ba shi da ta cewa a can. Shirin Gidauniyar Mastercard, da ya fara a 2012, an gina shi ne musamman domin matasan Afirka masu hazaƙa da ba su da hali, kuma ta jami'o'in da ke cikin shirin ake nema, irin su Ashesi da KNUST a Gana, Makerere a Yuganda, da Edinburgh a Birtaniya. A irin wannan shirin, rashin hali na cikin abin da ake dubawa kafin a zaɓi mutum. Ko a cikin gida, hukumar PTDF mai ba da tallafin karatu tana raba gurabenta ne jiha-jiha, wanda ke nufin ɗan Yobe da 'yan Yobe yake takara, ba da duk Najeriya ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaron da ya cika kowane sharaɗi, sakamakonsa ya yi kyau, amma ya ƙi cike fom na awa biyu saboda wani da bai taɓa nema ba ya ce masa an riga an raba.

Ana kuma cewa sai mai digiri mai daraja ta ɗaya. Wani wurin haka ne: lokacin da gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai waje a 2023, ta ce za ta kai mutum 1,001 karatun digiri na biyu a Indiya da Yuganda, masu daraja ta ɗaya ta nema. Amma Chevening ba ta gindaya wannan ba. Abin da take so shi ne digirin da zai ba ka gurbi a jami'ar Birtaniya, da gogewar aiki ta shekara biyu, wadda suke lissafawa awa 2,800, har aikin sa-kai yana shiga ciki, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan karatu. Ba ta da iyakar shekaru ta sama. Turkiyya kuwa tana da ita: ƙasa da 21 ga mai neman digiri na farko, ƙasa da 30 ga na biyu, ƙasa da 35 ga digirin digirgir, kuma maki kashi 70 take nema ga digiri na farko, 90 ga masu son likitanci. Batun jarrabawar Turanci ta IELTS ma ba ko'ina ba ne, jami'o'in Birtaniya da yawa suna karɓar kiredit a Turancin WAEC. Kowane tallafi da ƙa'idarsa, kuma a rubuce take a shafinsa.

Masu cewa Saudiyya ilimin addini kaɗai take bayarwa su ma sun tsaya a tsohon zamani. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka kafa a 1961, tana da sassan injiniyanci da kimiyya da kwamfuta, ga kuma jami'ar KAUST da jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai ga masu neman babban digiri a kimiyya.

Akwai kuma labaran da mutane suke ɗauka sharri ne na 'yan adawa, alhali gaskiya ne, kuma ya kamata uba ya san su kafin ya raka ɗansa filin jirgi. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary da sauransu ƙarƙashin yarjejeniyar BEA sun yi watanni ba a biya su alawus ba, kuma a 2024 aka rage shi daga dala 500 zuwa 220 a wata. A 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. Saboda haka duk wanda ya zo maka da "fom ɗin BEA na bana" ka tambaye shi inda ya samo shi. Ita ma TETFund da ake yawan sa sunanta a saƙonnin bogi, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyin ƙaro karatunsu, ta hannun makarantunsu, ba ɗalibin da ya gama sakandare ba, kuma ta dakatar da tura su ƙasashen waje daga farkon 2025. Tallafin da gwamnati ta sa wa hannu ba ya nufin kuɗi zai zo a kan lokaci, musamman idan mulki ya canza hannu a tsakiyar karatu. Kafin a karɓa, a nemi ɗaliban da suke can a tambaye su yaushe rabonsu da alawus.

Mafi haɗari a wurina shi ne abin da ejan-ejan suke kira "tallafin kashi hamsin". Sau da yawa ba tallafi ba ne, rangwame ne da jami'a mai zaman kanta take bai wa kusan duk ɗalibin waje, ejan kuma yana da lada a kan kowane kai da ya kawo. Ragowar rabin da dala ko yuro za a biya shi, ga masauki, ga abinci, naira kuma tana iya faɗuwa a kowane lokaci. Gidaje sun sayar da fili da shanu a kan irin wannan, yaro ya kai aji biyu kuɗi ya yanke. Arewacin Cyprus, inda irin wannan tayin ya yi yawa, Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye a kanta. Sannan akwai tambayar da ake mantawa: idan an dawo da takardar, za a karɓe ta? A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a can ma abin ya shafe su. Mai son likitanci a waje kuma ya sani cewa sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa maras lafiya a nan.

Abin da ya fi kayar da masu nema na gaskiya ba shi da alaƙa da ko ɗaya daga cikin waɗannan labaran. Suna ne da ranar haihuwa. A WAEC yaro Muhammad Sani ne, a NIN Sani Mohammed, a BVN an ƙara sunan garinsu, shekarar haihuwa kuma ta bambanta da shekara biyu saboda wani malamin firamare ya yi ƙiyasi. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba, sai ta ƙi fom ɗin, yaro ya koma gida yana cewa an yi masa zalunci. Gyaran nan yana cin makonni, wani lokaci watanni, don haka tun kafin a buɗe shafi ake yin sa. Na biyu shi ne rubutun bayyana kai da ake kwafowa daga na wani ko a sa mai kafe ya rubuta. Masu tantancewa suna karanta dubbai, suna gane wanda aka ara. Labarin yadda ka koyar da yaran unguwarku lissafi a lokacin yajin aikin ASUU, da adadinsu da abin da ya fito daga ciki, ya fi shafi guda na manyan kalmomin Turanci da ba naka ba.

Sai kuma wa'adi. Turkiyya takan buɗe shafinta daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Chevening takan buɗe a watan Agusta ta rufe bayan kamar wata biyu zuwa uku, domin karatun da za a fara a shekara mai zuwa. Wanda yake son ɗaya daga cikinsu, wata uku kafin nan ya kamata fasfo ya kasance a hannunsa, ya nemi cikakken sakamakonsa daga jami'a, ya kuma sanar da malamai biyu da suka san shi da aikinsa cewa zai buƙaci takardar shaidarsu, ya ba su ranar da za a rufe.