Ba Kowace Gara Ce Ke Fitowa Daga Ƙasa Ba

A watan Afrilun bara na je gida Paki domin gaishe da mahaifiyarmu, sai na tarar da yayana ransa a ɓace saboda wani kabad. Kabad ɗin yana ɗakin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma a cikinsa ne aka adana littattafansa na fiƙihu da nahawu, da wasu takardun ajami da ya rubuta da hannunsa. Yayan nawa ya ce sau uku ke nan yana sayen maganin feshi na gona, yana haƙa kwalbati kewaye da ɗakin yana tuttulawa, har ya sa yara sun rushe wani suri da ke bayan gida, amma duk ranar da aka share ɗakin, kafin kwana biyu sai a sake ganin wani tsaki-tsaki ya taru a gindin kabad ɗin. Ya dube ni ya ce, "To kai da ka yi boko, gaya mani ta inda take shigowa." Na ce, "Yaya, bokon da na yi na harshe ne, amma ba ni wannan tsakin in tafi da shi."

Na ƙulle shi a takarda na kai wa wani abokin aikina masanin ƙwari. Bai yi minti ɗaya yana dubawa da madubin ƙara girma ba ya ce mani, gara ce, amma ba daga ƙasa take zuwa ba, a cikin katakon take zaune, kuma da za a zuba ganga guda ta magani a harsashin ginin ba abin da zai same ta. Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na lura kuskuren yayana ba na rashin hankali ba ne. Kuskure ne da harshenmu da kansa ya taimaka wajen jawowa.

Mai karatu ya san Hausa ba ta yi wa wannan halitta rowar suna ba. Akwai gara, akwai zago mai ƙaton kai da cizo, akwai gina, ko shinge a bakin wasu, wato masu fiffiken nan da ke cika fitila bayan ruwan farko, sannan akwai suri, gidansu. Duk waɗannan kalmomi tsofaffi ne, wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da irinsu. (Ban da cewa a rubutun boko kalmar gara ta ƙwaro, da garar da ake kai wa amarya, da "gara" mai ma'anar gwamma, duk kamarsu ɗaya, sai baki ne ke rarrabe su da tsawon wasali da karin sauti. Wannan zance ne na aji, mu bar shi.) Abin lura shi ne, duk waɗannan sunaye na iyali ɗaya ne, wato garar da ke zaune a ƙasa. Kakanninmu sun raɗa wa abin da suke gani suna. Wadda ba ta gina suri, ba ta yin hanyar laka a bango, ba ta taɓa ƙasa ko kaɗan, ba su ba ta suna na daban ba, saboda haka idan Bahaushe ya ji an ce gara sai idonsa ya nufi ƙasa. A wannan rubutu zan kira ta farko garar ƙasa, ta biyu kuma garar katako.

Masana sun ƙidaya nau'in gara kimanin 3,000 a duniya, kuma kaɗan ne daga ciki ke ɓarna a gidaje. Garar ƙasa, wadda ita ce ta fi addabar manoman rake da masara a Maƙarfi da Kudan da Ikara, ba ta iya rayuwa sai da laima. Shi ya sa take lulluɓe hanyarta da laka idan za ta hau bango, kuma gida ɗaya nata kan ƙunshi dubban ɗaruruwa, wani har miliyoyi. Garar katako kuwa 'yar ƙaramar al'umma ce, daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai, kuma dukkansu, har da sarauniyar, suna cikin katakon da suke ci. Ɗan ruwan da ke cikin busasshen katako ya ishe ta, domin jikinta kan tatse ruwan da ke cikin kashinta kafin ta fitar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa kashin ke fitowa ƙwaya-ƙwaya, busasshe, mai tauri, tsawonsa kamar milimita ɗaya, kusan girman ƙwayar acca, da gefe shida idan an duba da madubi. Takan huda 'yar ƙaramar ƙofa ta turo shi waje, sannan ta toshe. Shi ne tsakin da yayana ke sharewa.

Akwai kuma na uku da ake yawan ɗora wa gara laifinsa, wato ƙananan ƙwarin nan masu huda katako da gora. Su abin da suke zubarwa gari ne mai laushi kamar fulawa, kuma suna barin ƙananan huji masu yawa a buɗe. Don haka gwajin farko ba ya bukatar ko kwabo. Idan ka ga laka a bango ko a cikin katako, garar ƙasa ce. Idan ka murza abin da ya zubo ka ji shi kamar yashi, garar katako ce. Idan ya narke a yatsa kamar gari, ƙwaro ne. Sai ka share wurin, ka shimfiɗa farar takarda, ka dawo bayan kwana uku ko huɗu. In wani sabo ya zubo, masu aikin na nan da ransu, kuma inda ya zubo zai nuna maka saitin inda suke.

Gaskiyar magana, a ƙasarmu ta Zazzau garar ƙasa ce babbar maƙiyiya, ta katako ba ta kama ƙafarta ba. Nau'in da aka fi sani a Afirka ta Yamma, wanda masana ke kira Cryptotermes havilandi, ya fi jin daɗin yankuna masu laima na kudu da bakin teku. To amma ita wannan gara matafiyiya ce, kuma mu ne ke biya mata kuɗin mota. 'Yar uwarta Cryptotermes brevis, wadda aka fara bayyana ta a kimiyyance a 1853 daga Jamaika, bincike ya nuna asalinta gaɓar tekun Peru da Chili ne, amma yau ta kai nahiyoyi da dama ta cikin jiragen ruwa da akwatuna da kujeru. Da na bincika tarihin kabad ɗinmu, sai mahaifiyarmu ta ce ai na hannu ne, wani ɗan uwa ya zo da shi daga kudu bayan ya yi ritaya. Sau da yawa haka abin yake: tsohon gado, ko kujerun gwanjo, ko kayan ɗakin amarya. Sai ka ga gara ta riga gara shiga ɗaki.

A nan ne nake ganin ya kamata mu 'yan boko masu gina gidaje a garuruwanmu mu tsaya mu yi wa kanmu faɗa. Magina na dauri sun san abin da suke yi da suka zaɓi azarar giginya don rufin soro. Tana da tauri, gara ba ta cika samun sa'arta ba, kuma Masallacin Juma'a na birnin Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, shaida ne na abin da ƙasa da azara za su iya. Haka ma ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita, da maɗaci. Mu kuwa sai mu je 'yan katako, a Zariya ko a Na'ibawa ta Kano, mu tambayi mafi araha, a ba mu farin katako mai laushi irin su obeche, wanda ƙwari ke so kamar me, mu ɗora kwano a kai, mu rufe da silin, ba wanda zai ƙara leƙa wurin sai ranar da iskar farkon damina ta yaye rufin. Ba ina cewa a koma azara ba, giginyar ma ta yi ƙaranci. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya canja kayan gini dole ya canja irin kulawar da yake yi.

Rigakafin yana farawa ne tun katako na ƙasa. A shafe shi da maganin katako irin su Solignum ta kowane gefe kafin a hau da shi, musamman bakin da aka yanka da zarto da inda katako biyu suka haɗu, domin ta nan masu fiffike ke shiga su kafa sabon gida. Mai gida ya tsaya da kansa, saboda ba sabon abu ba ne a tsinka maganin da kananzir har ya zama launi kawai. Baƙin mai da jama'a ke shafawa yana ɗan taimakawa a dirkar shinge ko ta rumfa, amma iyakarsa fatar katako, yana ɗauke da datti mai guba, yana kuma ƙara wa wuta ƙarfi, don haka ba abin kai wa ɗakin kwana ba ne. Fenti da banish da toshe tsaga suna hana sabuwar shiga, raga a taga ma haka. Kayan katako na hannu kuwa, kada su wuce zaure sai an juya su an ƙwanƙwasa. Inda ya yi ƙarar holoƙo, ko bakin sukudireba ya nutse cikin sauƙi, an riga an cinye cikin.

Idan kuma ta riga ta shiga, sauƙin da ke cikin lamarin shi ne gidanta ƙarami ne kuma wuri ɗaya yake. Katakon da ya lalace sosai a cire shi a ƙone, kada a jingine shi a bayan ɗaki. Abin da za a iya ɗauka, kamar kabad ko kujera, zafi ne maganinsa mafi arha. Garar katako na mutuwa idan zafin tsakiyar katako ya kai digiri 49 a ma'aunin Salshiyos ya kuma daɗe fiye da rabin awa, kuma a Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su dumama gida sukutum. Mu Allah Ya ba mu ranar Maris da Afrilu kyauta. A naɗe kayan da baƙar leda mai kauri, a ɗaure, a ajiye a kan siminti inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, ana juyawa, kwana uku ko fiye idan katakon mai kauri ne, domin zafin da hannu ke ji a waje ba shi ne na ciki ba. Sai dai a sani gam na iya saki, falankin ado na iya ɗagowa. Littattafai kuwa ba a yi masu haka. Masu kula da gidajen tarihi sanyi suke amfani da shi: a sa littafi a leda a rufe ruf, a ajiye a firiza mai sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifiri na mako guda, sannan a bar shi ya huce a cikin ledarsa kafin a buɗe. Na san mai karatu zai yi murmushi ya ce ina wutar da za ta yi mako ba ta ɗauke ba. Ni ma a gidan wani mai sola na samu.

Abin da ba ya ɗaukuwa, kamar ƙyauren ƙofa ko katakon rufi, ana yi masa da gishirin boron, wanda masu shagunan sinadarai ke kira boraks. A narkar da shi a ruwan ɗumi, a kankare fenti ko banish domin ba ya ratsa su, a shafa sau biyu ko uku, sannan a huda ƙananan ramuka a saitin inda tsakin ke zubowa a ɗura da sirinji. Ba shi da wari, gubarsa ga mutum kaɗan ce idan an kwatanta da magungunan feshi, amma duk da haka a nisanta shi daga yara da abinci. Ruwa na wanke shi, don haka na cikin ɗaki ne. Idan kuwa aka ga tsaki na zubowa ta wurare da yawa a rufi, aikin ya fi ƙarfin mai gida, kafinta za a kira a sauya katakon.

Abin da ya fi tayar mani da hankali a duk wannan lamari shi ne abin da yayana ya yi niyyar yi da ban zo ba. Wani ya ba shi shawara ya sa ƙwayar nan ta adana hatsi da ake kira bom a cikin kabad ɗin ya rufe ɗakin, alhali bango ɗaya ne tsakaninsa da inda jikoki ke kwana. Wannan ƙwaya iskar fosfin take fitarwa, tana bi ta tsagar bango da saman silin, tana kisa, kuma ba ta da makari. A yankin da kusan kowane gida akwai ragowar maganin gona, hannu kan kai ga abin da ke kusa: fiya-fiya, ko Sniper da hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019, ko wani abu marar suna a gorar ruwa da ake cewa Gamalin ne. Sinadarin lindan da ke cikin Gamalin na asali an sa shi cikin jerin haramtattu na Yarjejeniyar Stockholm tun 2009, bayan su aldirin da diyaldirin da ke cikin jerin farko na 2001. Kuma abin takaicin, feshin da aka yi a bayan katako ba ya kai wa ga garar da ke can ciki. Mutanen gida ne kawai ke shaƙa.

Gargaɗin da ke jikin waɗannan kwalabe galibi da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da takwararta ta faɗakar da manoma a nan kusa da mu, muna da sassan Hausa a jami'o'i, muna da gidajen rediyon da ake saurare a kowane ƙauye daga Hunƙuyi zuwa Paki. Ban ga abin da zai hana masanin ƙwari da masanin harshe su zauna yini ɗaya su daidaita sunayen waɗannan halittu uku da Hausa, a buga a takarda guda mai hoto a raba wa kafintoci da masu sayar da maganin gona ba. Idan sunayen da na kawo ba su yi ba, a kawo waɗanda suka fi su.

Kabad ɗinmu dai ya yi kwana biyar a rana cikin baƙar leda, bayan mun cire allon bayansa mun ƙone. Littattafai biyu sun sami huji a gefe, amma rubutun bai taɓu ba. Farar takardar da muka shimfiɗa a gindinsa ta yi wata guda ba abin da ya zubo. Saura katakon rufin ɗakin, wanda yayana ya ce ba mai hawa sai an gama girbi.