Fitsarin Jini A Jikin Babba Ba Tsargiyar Yarinta Ba Ce

A ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, daga ƙasar Dawakin Tofa zuwa Bichi da Bagwai, da wuya ka sami dattijon da bai yi fitsarin jini yana yaro ba. Wanka a kududdufi da damina, kamun kifi a rafi, bin uba fadama da rani, sai wata rana yaro ya ga ɗigon ja a ƙarshen fitsarinsa. Ba mai tayar da hankali, a ce tsargiya ce, za ta wuce. Wasu iyayen ma ɗaukarta suke alamar yaro ya fara zama namiji. Wannan sabo shi ne ke cutar da mu, domin idan jinin ya sake ɓullowa mutum yana da shekara 45 ko 50, sai ya ce ai tsohuwar tsargiyarsa ce ta motsa. Ya biya kemis ya sayi ƙwaya, jinin ya ɗauke, ya koma harkarsa. Alhali ciwon dajin mafitsara haka yake farawa: jini ba tare da zafi ba, ya zo ya ɗauke da kansa, ya sake dawowa bayan wata biyu ko uku.

Tsutsar tsargiya ba a shan ta a ruwa kamar yadda da yawa suke zato. Ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari a bakin ruwa, ƙwayayen da ke ciki su ƙyanƙyashe, su shige jikin ƙananan dodon koɗin nan da ke maƙale a ciyawar gefen ruwa, su hayayyafa a can, sannan su fito neman ƙafar mai ban-ruwa ko hannun mai wanki. Idan sun girma a jiki sai su tare a jijiyoyin jinin da ke zagaye da mafitsara, macen tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini. Wasu su huda su fita cikin fitsari, shi ne jinin da ake gani. Sauran su maƙale a bangon mafitsara, jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya yi ta kumbura yana warkewa shekara ashirin ko talatin, har fatar cikin ta sauya kama. A kan wannan tabon daji ke tsirowa. Ba duk mai tsargiya ne ke kamuwa ba, kaɗan ne daga ciki, amma da yake Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu cutar, kaɗan ɗin nan ma jama'a ce mai yawa.

Wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, kuma a 1994 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a jikin ɗan Adam. A Turai da Amurka, dajin mafitsara ciwon tsofaffi ne 'yan shekara 70, mafi yawa mashaya taba, kuma sau da yawa a saman fatar mafitsara yake tsayawa, a kankare shi. Namu daban ne. Likitocin da suka bi diddigin naman da ake yankowa a asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato sun ga cewa fiye da rabi irin wanda tsargiya ke jawowa ne. Shi wannan yana kama mutum da sauran ƙarfinsa, yana nutsewa cikin tsokar mafitsara da wuri, kuma ba ya jin maganin ƙarin ruwan daji da gashi yadda ɗayan yake ji. Wuƙar likita ce babban maganinsa, ita kuwa wuƙar sai an zo da wuri take amfani. Masar ta taɓa zama cikin halin da muke ciki. Da suka dage da rabon magani shekara da shekaru, irin wannan dajin ya ja baya sosai a asibitocinsu.

Ba wanda zai ce madatsun ruwan Kano ba alheri ba ne. Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Watari ta Bagwai, da Tomas ta wajen Ɗambatta, su ne suka sa tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa da rani, wani abin ma a kasuwar Dawanau yake ƙarewa. Sai dai ruwan da ke kwance a magudanan ban-ruwa shi ne gidan dodon koɗi. Ba za a ce wa manomi kada ya shiga ruwa ba, wannan maganar wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ce. Abin da za a ce masa shi ne ya sa takalmin roba mai tsawo idan da hali, ya daina tsugunawa a bakin ruwa, kuma idan ma'aikatan lafiya suka zo makaranta da sandar awon tsayi suna raba ƙwayar praziquantel kyauta, ya bar 'ya'yansa su sha. A tabbatar yaro ya ci abinci tukuna, don jiri da tashin zuciyar da ke sa iyaye gudun maganin sun fi tsanani a kan wanda ya sha da yunwa. Ƙwayar tana kashe tsutsa, amma ba ta taɓa dajin da ya riga ya kafu, shi ya sa babban da ya sha ta ba a duba shi ba bai gama komai ba. Taba sigari kuma ƙarin wuta ce a kan mafitsarar da tsargiya ta riga ta raunata.

Yadda ake binciken ba wani abin tsoro ba ne. A karɓi fitsari a duba, a ɗauki hoton ciki da na'urar nan da ake duba masu juna biyu, mutum ya sha ruwa mafitsara ta cika tukuna. Idan an ga wani tsiro, sai a zura siririyar na'ura mai fitila ta hanyar fitsari a leƙa, a ɗan yanko nama a kai ɗakin gwaji. A nan ne 'yan uwa kan ja da baya, wai daji ba ya son ƙarfe, ana taɓa shi sai ya watsu. Maganar ta samo asali ne daga yadda ake kai marasa lafiya bayan ciwo ya gama watsuwa, a yi aiki, mutum ya rasu, a ɗora wa wuƙa laifi. Wanda ya zo ƙarin yana sama-sama, ta hanyar fitsari za a kankare shi ba a tsaga ciki ba, ya kwana biyu ya tafi gida, ya riƙa dawowa ana leƙawa. Wanda ya zo ya shiga tsoka, sai an cire mafitsarar ɗungurungum, a juya wa fitsari hanya, ko zuwa jaka a jikin ciki ko zuwa hanji ya riƙa fita tare da bahaya. Mutane da yawa jakar ce ke sa su ƙin aikin, saboda tunanin tsarki da sallah. Kafin a ƙi, a tambayi malami, don fiƙihu bai bar mai lalurar yoyon fitsari babu sauƙi ba. Wanda kuwa ya zo ƙafafu sun kumbura, ƙarin ya toshe hanyoyin ƙoda, yana fitar da gudan jini da ɓarɓashin nama mai wari, abin da ya rage shi ne rage masa raɗaɗi. Irin wannan na ukun su suka fi yawa a layin likitocinmu.

Akwai kuma na dattawa. A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullin nama da likitoci ke kira furostat, hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Daga shekara 50 yakan fara girma. Sai ka ga dattijo ya ɗauki buta ya shiga, ya daɗe yana yunƙuri, fitsarin na zuwa siriri yana yankewa, ya tashi ya ji kamar bai gama ba, da dare ya fita sau huɗu ko biyar. Wata rana ya riƙe gaba ɗaya, mara ta yi tauri, a kwashe shi asibiti cikin dare a sa masa roba. Yawancin wannan kumburin tsufa ne kawai, kuma yana da magani da aiki. Amma dajin furostat, wanda ya fi kowane daji yawa a mazan Nijeriya, da irin waɗannan alamun yake zuwa, ko ma ya yi shiru sai ya kai ƙashin baya, mutum ya fara ciwon ƙugu, ƙafa ta mutu. Gwajin jini da ake kira PSA da dubawar likita da yatsa ta dubura su ne matakin farko. Na san akwai nauyi, amma abin bai kai minti ɗaya ba. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, kada ya jira 50, ya fara tun yana 45. Ko wanda ya yaɗu ana iya kwantar da shi shekaru, da allurar wata-wata ko ta wata uku, ko ƙaramin aikin cire 'ya'yan maraina, wanda ya fi araha don sau ɗaya ake yi.

Mata su ma suna shiga ruwa, kuma dajin mafitsara bai ƙyale su ba. Nasu ya fi jinkiri, domin ana ɗora jinin a kan al'ada ko ciwon sanyi. Uwa kuma idan tana yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyar wanka ta ji dunƙule mai tauri a gefen cikinsa, kada a kai shi wanzami ya yi tsaga da sunan saifa. Akwai dajin ƙoda na yara, kuma yana cikin waɗanda ake warkewa idan an zo da wuri.

Mutumin Dawanau ba shi da uzurin nisa. Motar da ke bin titin Katsina za ta sauke shi cikin Kano, inda akwai asibitin mafitsara na Abubakar Imam, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda tun 2002 yake dashen ƙoda. Neman gashin daji kan sa a tura mutum Shika ta Zariya ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Layi yana da tsawo, ƙwararrun ba su da yawa, wasu sun tafi Saudiyya da Ingila, kuɗin babban aiki kuma yakan cinye gona da shanu. Amma gwajin fitsari da hoton ciki ba su kai kuɗin buhun gero ba. Wanda aka kankare wa ƙari ko aka yanki namansa, ya koma ya karɓi takardar sakamakon ko da jinin ya tsaya, ya kai wa likitan da ya tura shi, domin sai da ita ake sanin irin dajin da zurfin da ya yi.