Salfet da Noman Gyaɗa a Ƙasar Safana

A wannan takarda za mu dubi salfet, wato ƙwayar farar wuta guda haɗe da ƙwayoyin oksijin huɗu. Masana'antu suna amfani da gishirinsa iri-iri, kamar alif na tace ruwan sha, da jifsam mai hana siminti saurin daskarewa. Amma a Safana da Batsari, a gona aka fi bukatarsa. A siffar salfet saiwa ke shan farar wuta, ga shi kuwa ruwan sama yana wanke shi daga jigawa. Takin supa yana da farar wuta wajen kashi 12 cikin 100, yuriya kuwa ba ta da ko kaɗan. Saboda haka muna ganin, idan sabon ganyen gyaɗa ya yi ɗorawa, ya kamata a binciki takin da aka zuba kafin a zargi damina.