Ɗalibanmu da Matsalar Gano Jigon Littafi

Daga Wakilinmu

Duk malamin Hausa da ya taɓa zama gyaran takardun jarrabawar 'yan sakandare ya san wannan ciwon kai. A tambayi yaro jigon littafin Shaihu Umar, sai ya ɗauko labarin tun daga Kagara, ya bi da Umar har ƙasar Masar, ya komo da shi Rauta, ya cika shafi uku cif, sa'an nan ya ajiye alƙalami yana ganin ya gama aiki. Labari kam ya bayar, kuma sau da yawa bai yi kuskure ko ɗaya a ciki ba. Amma abin da aka tambaye shi yana nan bai taɓa shi ba, makin kuwa ya tafi.

Akwai kuma kashi na biyu, waɗanda su nasu ya fi ban tausayi. Su ne masu haddace 'yan ƙananan takardun nan na taƙaita littattafai da ake sayarwa a bakin makarantu. Kowane littafi aka ambata musu amsarsu ɗaya ce, watau faɗakarwa, ko wa'azi, ko nishaɗi. In an ce su kawo hujja daga cikin littafin sai ido ya raina fata, domin da yawansu ba su taɓa buɗe shi ba.

To, mene ne jigo? Masana adabin Hausa, musamman Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya yi aiki mai yawa kan hanyar nazarin rubutacciyar waƙa, sun yi amfani da wannan kalma don nufin saƙon da marubuci ya gina aikinsa a kai. Kalmar kuwa ta dace ƙwarai. Manomin fadama ya san jigo, watau itacen nan da ake kafawa a bakin rijiya ko kogi ana ɗaga ruwa da shi. In an cire shi, guga da igiya sun zama kayan banza. Malamin da ya fara darasinsa da wannan misali ya rage wa kansa rabin wahala, musamman a makarantun karkara inda yara suka tashi suna ganin abin da idonsu.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da abin da yaro ya riga ya sani tun yana gaban kakarsa. A ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a ce ya faɗe ta cikin jimla biyu. Daga nan a tambaye shi, me ya jawo wa Gizo abin da ya same shi? Ba za a daɗe ba wani zai ce kwaɗayi, wani ya ce wayo. A nan ne malami zai ƙi karɓar kalma ɗaya tilo, ya nemi a gaya masa abin da tatsuniyar ta ce game da kwaɗayin. Ranar da yaro ya iya cewa kwaɗayi yakan kai mai shi ga wulakanci, ya kuma nuna wurin da hakan ya faru a labarin, ya san jigo ke nan, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Bayan tatsuniya sai gajeren labari, kuma ba mu da taskar da ta fi Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam. Labaran da aku ke bayarwa gajeru ne, ana iya karanta ɗaya a gama a cikin darasi guda na minti 40, har a sami lokacin muhawara. Sai an ga yara sun saba da wannan sa'an nan a tunkari littafi sukutum.

Bari mu koma kan Shaihu Umar, wanda Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Maimakon malami ya rubuta jigo a allo yara su kwafa, ya fi kyau ya sa su lissafa duk inda aka raba wani da nasa. Za su samo yadda makircin fadawa ya raba Makau da gari. Za su samo yadda aka sace Umar yana ƙarami, da yadda ya faɗa hannun mahara, har ya ƙare a wurin Balarabe Abdulkarim. Za su samo uwarsa, wadda ta fita neman ɗanta ita ma aka mai da ta baiwa, aka kai ta har Tarabulus, ba ta sake ganinsa ba sai dab da rasuwarta. In an jera waɗannan a allo, ba sai an gaya wa yaro cewa littafin yana magana kan ɓarnar da cinikin bayi ya yi wa iyali ba. Da kansa zai gani.

Amma fa a nan ne gardama takan tashi, kuma gardama ce mai amfani. Wani ɗalibi zai ce shi abin da ya gani haƙuri ne da yarda da ƙaddara, tun da Umar bai taɓa neman ramuwa ba, ilmi ya nema har ya zama shaihi. Kuskure ne babba malami ya tsawata wa irin wannan yaro don amsarsa ta saɓa da ta takardar da ke hannun malam. Littafi yakan ɗauki babban jigo da ƙananan jigogi, abin da ake bukata kawai shi ne mai magana ya kafa hujja da abin da ke cikin shafukan. Masu gyaran takardun hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO su ma hujjar suke nema.

Wata dabara kuma ita ce a gwama littattafai biyu. A ajiye Umar kusa da Abubakar na cikin Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Dukansu an zalunce su. Shi Abubakar, da mai kuɗi Malam Shehu ya ƙwace masa Zainab, sai ya shiga duniya neman asirin da zai rama, abin ya ƙare da ɗan ya kashe ubansa, shi ma mai ramuwar bai tsira ba. Yaron da ya ga bambancin hanyar da mutanen nan biyu suka bi, ya fahimci jigon kowane littafi fiye da wanda aka yi wa bayani sau goma.

Sai dai duk wannan magana tana tsayawa ne a kan abu ɗaya, watau littafin ya kasance a hannun yaro. A makarantu da yawa malami kaɗai ke da kwafi, shi ke karantawa da ƙarfi, aji cike maƙil yana sauraro. Wanda ya ji labari da kunne sau ɗaya ba shi da halin komawa shafi na baya ya duba abin da Makau ya faɗa, don haka ba abin mamaki ba ne in ya koma ga hadda. Wasu malamai sukan raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da kwafi ɗaya da babin da zai bincika, sa'an nan a taru kowa ya kawo abin da ya samo. Wasu kuma sukan nemi fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 su nuna wa yara, ko da yake wannan yana da nasa haɗari, domin akwai ɗalibin da in ya ga fim ya sallami littafi ke nan. Inda aka gwada haka, ya kamata a fara gama karatun tukuna, a kuma sa kowane ɗalibi ya rubuta wurare biyu da fim ɗin ya saɓa da abin da ya karanta.